Tuhuma Daban, Hukunci Daban: Alƙali na da Ikon Sauya Sunan Laifi?

A ƙa'ida, wanda aka gurfanar gaban kotu yana shiga ne da sanin abin da ake zarginsa da shi. An rubuta a takarda, an karanta masa, an tambaye shi ko ya amsa laifin ko bai amsa ba. A kan wannan takarda lauyansa zai yi shiri, a kanta zai nemo shaidu, a kanta kuma zai yi wa shaidun gwamnati tambayoyi. To, yaya ke nan idan ranar hukunci ta zo alƙali ya ce laifin da ke takarda bai tabbata ba, amma ga wani da ya tabbata, ya ɗaure mutum a kansa? Wasu na cewa aikin alƙali ke nan, domin gaskiya ya zauna nema, ba kuskuren magatakarda ba. Wasu kuma na cewa an ɗaure mutum ne ba tare da an yi masa shari'a ba, tunda shari'ar da aka yi ta wani laifi ce. A arewacin Kamaru wannan gardama ta wuce ajin koyon lauya, domin akwai shari'u biyu da mutanen Garwa da Marwa suka bi da kunnuwansu, kuma kowacce ta tayar da ita.

Shari'u biyu

Ta farko ita ce ta Marafa Hamidou Yaya, haifaffen Garwa a 1952. Ya riƙe muƙamin Sakatare Janar na fadar shugaban ƙasa daga 1997 zuwa 2002, sannan ministan harkokin cikin gida har zuwa Disamban 2011. An kama shi ranar 16 ga Afrilun 2012 kan batun jirgin shugaban ƙasa. A 2001 an fitar da dala miliyan 31 domin saya wa Shugaba Paul Biya sabon jirgin Boeing, aka bi da cinikin ta kamfanin jiragen sama na Camair, wanda Yves Michel Fotso ke shugabanta, da wani kamfanin Amurka mai suna GIA International. Jirgi bai zo ba, dala miliyan 29 kuma suka zama abin shari'a. An gurfanar da Marafa bisa zargin haɗuwa da wasu wajen karkatar da dukiyar gwamnati. Ranar 22 ga Satumban 2012 babbar kotun Mfoundi da ke Yawunde ta yanke masa ɗaurin shekara 25, haka ma Fotso. A Mayun 2016 Kotun Ƙoli ta rage na Marafa zuwa shekara 20. Abin da ya fito daga shari'ar ya zaga duniya shi ne sunan da aka ba laifinsa: haɗin baki na tunani. Lauyoyinsa sun dage cewa babu laifi mai wannan suna a kundin laifuffuka na Kamaru, kuma ba a nuna kuɗin sun shiga aljihunsa ba. A 2016 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar tasa ta saɓa ƙa'ida, ya nemi a sake shi.

Ta biyu ta fi kusa da masu sauraron rediyo da Hausa. Ahmed Abba a lokacin wakilin sashen Hausa ne na gidan rediyon Faransa, RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, kwanaki kaɗan bayan hare-haren ƙunar baƙin wake da suka girgiza garin. Da aka buɗe shari'arsa a kotun soja ta Yawunde a Fabrairun 2016, zargin da ke gaba shi ne haɗin baki wajen ayyukan ta'addanci da kuma ƙin kai rahoton ta'addanci, kuma na farkon na iya kai mutum ga hukuncin kisa. A Afrilun 2017 kotun ta wanke shi daga wani zargi na yabon ta'addanci, ta kama shi da ƙin kai rahoto da kuma halatta abin da aka samu ta hanyar ta'addanci, laifin da ba ya cikin waɗanda aka buɗe shari'ar da su. Hukunci: shekara 10 da biyan sama da sefa miliyan 55. Ranar 21 ga Disamban 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta soke laifin halatta dukiyar, ta bar na ƙin kai rahoto, ta yanke masa wata 24. A lokacin ya riga ya shafe kusan wata 29 a tsare, sai aka sake shi.

Gado biyu a kogi ɗaya

Kafin a ji hujjojin ɓangarorin, ya kamata a san inda saɓanin ya samo asali. Garwa da Yola ruwan Binuwai suke sha, kuma a ƙarni na 19 duk a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama suke. Mulkin mallaka ne ya raba su: Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa ta faɗa hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ta koma hannun Faransa. Kowacce sai ta gaji tsarin shari'ar wanda ya mulke ta.

A tsarin Faransa, abin da ake miƙa wa kotu shi ne aikin da aka aikata. Sunan da mai gabatar da ƙara ya ba aikin shawara ce, alƙali ne ke da alhakin ba shi sunansa na gaskiya a doka. A tsarin Ingila kuwa takardar tuhuma ita ce iyakar filin, kodayake can ma ana iya gyara tuhuma kafin hukunci, ana kuma iya kama mutum da ƙaramin laifin da ke ƙunshe cikin babban da aka tuhume shi da shi. Kamaru ta daɗe da tsarin biyu a ƙasa ɗaya, har sai da aka yi dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta 27 ga Yulin 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007 a duk faɗin ƙasar. Sashe na 362 na dokar ya ce idan kotu ta ga aikin da aka gabatar ya cancanci wani suna, za ta fayyace sabon sunan, ta sanar da wanda ake tuhuma, ta tambaye shi ko ya amsa, kuma tana iya ɗage zama. Wato dokar ta yarda da sauyi, ta kuma gindaya masa sharaɗi. Gardamar ita ce wanne ya fi nauyi, ikon sauyin ko sharaɗin.

Hujjojin masu cewa alƙali na da iko

Hujjarsu ta farko ita ce takardar tuhuma ana rubuta ta ne a farkon tafiya, lokacin da ba a san komai sosai ba. Jandarma ya ɗauki bayani cikin gaggawa, mai gabatar da ƙara ya zaɓi sashen dokar da ya ga ya fi kama da abin da ke gabansa. Gaskiyar lamari a zauren kotu take fitowa, bayan an ji shaidu. A ɗauka an kama mutum da shanun sata a kasuwar Adumri, aka tuhume shi da satar su. A kotu sai ta bayyana ba shi ya kore su daga ruga ba, amma ya karɓe su daga hannun ɓarayi da sanin na sata ne. Shin alƙali zai sallame shi saboda takarda ta ce sata ba ta ce karɓar kayan sata ba? Makiyayin da aka raba da garkensa yana zaune a kotun yana kallo. Idan ya ga wanda aka kama da shanunsa ya fita yana murmushi saboda kuskuren suna, gobe ba zai kawo ƙara ba, shi da 'yan uwansa za su yanke nasu hukuncin a daji. A yankin da ya sha fama da zargina masu tare hanya da masu sace mutane don kuɗin fansa, a Mayo-Rey har zuwa Tuboro, raina kotu ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ta biyu ta fi ƙarfi a wajen masana doka. Ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan aiki ɗaya. Idan aka wanke shi yau, ba za a dawo da shi gobe kan wannan aikin da sabon suna ba. Saboda haka, in ji su, tilas alƙali ya duba aikin ta kowace fuska kafin ya ce babu laifi. Hana shi sauya suna daidai yake da ba mai laifi kariya ta har abada saboda kuskuren wani ma'aikaci.

Ta uku, sauyin sau da yawa rahama ce ga wanda ake tuhuma. An tuhumi mutum da kisan kai da gangan, shaidu suka nuna faɗa ne ya kai ga mutuwa ba da niyya ba. An tuhume shi da fashi da makami, makamin bai tabbata ba, sata kaɗai ta tabbata. Idan aka ce alƙali ba shi da zaɓi sai ya kama shi da babban laifi ko ya sallame shi, akwai alƙalan da za su zaɓi kamawa. Idan kuma aka ce a koma farko a sake rubuta tuhuma, wanda ake tuhuma ne zai biya farashin, da ƙarin watanni a gidan yarin da ya cika ya batse. Har shari'ar Ahmed Abba suna kawowa a nan: ya shiga kotu da zargin da ke iya kai shi ga kisa, ya fita da wata 24.

Ta huɗu ta shafi manya. Babban jami'i ba ya ɗaukar jakar kuɗi da hannunsa. Umarni yake bayarwa, ko ya buɗe ƙofa, ko ya kawar da kai. Sashe na 97 na kundin laifuffukan Kamaru ya ce mai haɗin baki ya haɗa da wanda ya zuga aka yi laifi, da wanda ya ba da umarnin yinsa, da wanda ya taimaka ko ya sauƙaƙa shi, kuma dokar ta daidaita hukuncinsa da na wanda ya aikata. Don haka masu kare hukuncin Marafa na cewa ba a ƙirƙiro sabon laifi ba. Laifin shi ne karkatar da dukiyar gwamnati, wanda ke sashe na 184, kalmar tunani kuwa bayanin irin rawar da aka ce ya taka ce kawai. Idan aka hana kotu irin wannan fassara, a cewarsu, sai dai a riƙa ɗaure akawu da direba, mai ba da umarni yana gida.

Hujjojin masu cewa ba shi da iko

Masu ja da wannan sun fara ne daga yadda ake kare kai. Mutum ba ya kare kansa daga laifi gaba ɗaya, daga takamaiman zargi yake karewa. Wanda aka ce ya kore shanu daga ruga daren Talata zai kawo shaidun da suka gan shi a wani gari a wannan dare. Wannan shaida ba ta da amfani ga zargin karɓar kayan sata, domin can tambayar ita ce wa ya sayar masa, nawa ya biya, ya san na sata ne ko bai sani ba. Da an faɗa masa tun farko, da ya kawo dillalin da ya haɗa cinikin da takardar kasuwa. Ka ga misalin da ɓangaren farko ya kawo yana iya juyawa kansu: mai yiwuwa mutumin ya sayi shanun da zuciya ɗaya, amma ba a taɓa tambayarsa ba.

Haka batun haɗin baki. Ana ɗauka ƙanin laifin ne, wanda ya kare kansa daga babba ya kare daga ƙarami. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ƙi wannan fahimta a kan Faransa kanta, uwar tsarin. A shari'ar Pélissier da Sassi, an tuhumi mutum biyu da laifin karya kamfani da gangan, kotun farko ta wanke su, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Aix-en-Provence ta kama su da haɗin baki wajen laifin, ba tare da an taɓa gabatar musu da wannan zargi ba. Ranar 25 ga Maris 1999 kotun Turai ta ce an tauye musu haƙƙi, domin abin da ake buƙata a tabbatar kan mai haɗin baki daban ne da na mai aikatawa, kariyar da za su shirya ma da ta bambanta. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke makamancin haka tun 1948 a shari'ar Cole da jihar Arkansas, inda aka yi wa wasu ma'aikata masu yajin aiki shari'a a ƙarƙashin wani sashe na doka, kotun jiha ta tabbatar da ɗaurinsu a ƙarƙashin wani sashen daban.

Hujja ta biyu ta shafi kujerar alƙali. Mai gabatar da ƙara ke zargi, wanda ake tuhuma ke karewa, alƙali ke raba gardama. Ranar da alƙali ya ga zargin gwamnati ya rushe, ya shiga laluben kundin doka don samo wanda zai tsaya, ya bar tsakiya ya koma gefe ɗaya. Wanda ake tuhuma ya zama yana fuskantar masu ƙara biyu, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne mai yanke hukunci. Abin ya fi tsanani a kotun soja, inda dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamban 2014 ta tura har fararen hula.

Ta uku ita ce wadda lauyoyi ke faɗa a hankali. Idan hukuma ta tsare mutum shekara biyu ko uku, ta kira shi ɗan ta'adda a gaban duniya, wanke shi sarai yana nufin amsa cewa an zalunce shi. Laifin da aka samo a ƙarshe sai ya zama mafita ga kowa ban da shi: hukuma ba ta ji kunya ba, kotu ba ta yi karo da hukuma ba, shi kuwa ya fita da tambarin mai laifi, ba shi da bakin neman diyya. Masu wannan ra'ayi suna kallon shari'ar Ahmed Abba ta wannan fuska. Laifin da ya jawo masa shekara 10 ya shigo ne a hanya, kotun gaba ta yar da shi, wanda ya rage kuma hukuncinsa bai kai kwanakin da ya riga ya yi a tsare ba. Inda ɓangaren farko ke ganin rahama, su suna ganin wata 29 na rayuwar ɗan jarida. Suna ƙara da cewa ƙin kai rahoto laifi ne mai faɗin baki, wanda kusan kowa a yankin yaƙi zai iya faɗawa ciki. Da shi kotun soja ta Yawunde ta ɗaure Fomusoh Ivo Feh da abokansa biyu shekara 10 a Nuwamban 2016, saboda saƙon barkwanci kan Boko Haram da aka tura ta waya.

Ta huɗu ta shafi talaka, kuma ita ce ta fi kama da arewa. Marafa na da manyan lauyoyi, Ahmed Abba na da gidan rediyo da ƙungiyoyin 'yan jarida na duniya a bayansa. Mafi yawan waɗanda ke tsayawa gaban kotu a Garwa, Marwa da Ngaundere ba su da ko ɗaya. Kotu da Faransanci take magana, su kuwa da Fulatanci, Hausa, Barbarci, Larabcin Shuwa ko Mafa suka tashi. Zargin farko ma ta bakin tafinta suka ji shi. Idan aka sauya sunan laifi cikin jimla biyu na harshen lauyoyi, mutum na iya gyaɗa kai bai san an sauya masa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ba. A rahotonta na Yulin 2016, ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 1,000 na tsare bisa zargin alaƙa da Boko Haram, kuma kotun soja ta Marwa ta yanke wa fiye da 100 hukuncin kisa cikin kusan shekara ɗaya. A irin wannan cunkoso, wa zai tsaya ya tabbatar kowane ɗayansu ya fahimci abin da aka kama shi da shi?

Ta ƙarshe, suna cewa wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce da aka shigo da ita daga Turai. Gaskiya ne tana cikin sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Kamaru ta shiga a 1984, tana kuma cikin sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ce a sanar da mutum laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji. Amma alƙalan Fombina, wato masarautar Modibbo Adama, sun san ta tun kafin zuwan Bature. A fiƙihun Malikiyya ba a sauraron da'awa sai ta kasance sananniya, an fayyace abin da ake nema da wanda ake nema a wajensa. Kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ya ba shi lokaci idan ya ce yana da ita. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda almajiran shari'a ke karantawa daga Sakkwato har Adamawa, ya ware wa wannan mas'ala babi. Hukuncin da aka yanke kan zargin da mutum bai ji ba hukunci ne ba i'izari.

A kan ma'auni

Hausawa na cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Karin maganar na nufin ba a san wanda zai yi nasara ba. Ba ta nufin mutum ya jahilci abin da ake shari'ar a kansa. A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu ke magana kan abubuwa biyu da suka ɗauka abu ɗaya ne.

Ɓangaren farko ya yi gaskiya cewa ba za a ɗaure hannun alƙali da sunan da aka rubuta ranar farko ba. Tsarin da zai saki mai laifi tabbatacce saboda an ambaci sashe na kaza maimakon na kaza ba adalci yake yi ba, kuma babu wata ƙasa da ke bin sa tsantsa. Ita kanta kotun Turai ba ta ce kotun Faransa ba ta da ikon sauya suna ba. Cewa ta yi tana da shi, amma ya wajaba ta ba mutanen damar kare kansu daga sabon zargin a kan lokaci. Sai dai duk hujjojin wannan ɓangare hujjoji ne na halaccin sauyi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke halatta sauyi a ɓoye. Makiyayin da aka sace wa shanu ba ya asarar komai idan aka ɗage zama mako biyu don wanda ake tuhuma ya kawo dillalinsa. Idan mai laifi ne, mako biyu ba za su wanke shi ba. Idan kuwa ba shi ba ne, makiyayin ma ya amfana, domin ɓarawon gaskiya na nan a waje.

Saboda haka tambayoyi uku ne suka kamata a yi wa kowane irin wannan hukunci. Shin sabon laifin ya tsaya a kan aikin da aka kawo kotu, ko an jawo wani aiki daban? Shin laifin rubutacce ne a doka tare da hukuncinsa, kamar yadda sashe na 17 na kundin laifuffukan Kamaru ya shardanta? Shin an faɗa wa wanda ake tuhuma kafin a rufe muhawara, cikin harshen da yake ji, aka ba shi lokaci da damar kiran shaidu? Saukowa daga fashi da makami zuwa sata yana tsallake ukun cikin sauƙi, domin duk abin da ke cikin sata yana cikin zargin farko. Tsallakawa daga haɗin baki da 'yan ta'adda zuwa halatta dukiyarsu ba haka yake ba, domin tambayoyin da za a amsa sababbi ne gaba ɗaya. A batun Marafa kuma, ko da mutum ya karɓi fassarar sashe na 97, nauyi bai sauka daga kan kotu ba: sai ta nuna wane umarni ya bayar, yaushe, ga wa, da wace niyya. Idan aka nuna waɗannan, ba a buƙatar kalmar tunani. Idan ba a nuna ba, kalmar ba za ta cike gurbinsu ba. Wannan ba hukunci ba ne kan ko yana da hannu a ɓatan kuɗin. Dala miliyan 29 na talakawan Kamaru ne, kuma suna da haƙƙin a bi musu kadi. Amma hukuncin da rabin ƙasa ke ɗauka siyasa ce bai gamsar da su ba, bai kuma tsoratar da ɓarawon gobe ba, sai dai ya koya masa cewa abin kiyayewa shi ne fushin fada, ba doka ba.

Akwai abin da ɓangare na biyu ma ya kamata ya amsa. Ba kowane sauyi ne makirci ba, kuma lauyan da ke neman a rushe shari'a dungum saboda gyaran da bai cutar da kariyar wanda yake karewa ba yana wasa da haƙƙin wanda aka zalunta ne. Ma'aunin shi ne cutarwa: da an sanar da shi tun farko, akwai abin da zai yi daban? Idan amsar a'a ce, hukunci ya tsaya. Idan e ce, ko ana shakka, a sake buɗe muhawara.

Dokar 2005 ta riga ta ɗauki wannan hanya, rauninta a wajen aiki yake. Ta bar ɗage zama a hannun kotu, alhali ya kamata ya zama haƙƙin wanda ake tuhuma duk lokacin da sabon laifin ya zo da sababbin tambayoyi. Ya kamata a rubuta a kundin zama cewa an fassara masa sabon zargin, da sunan harshen da aka fassara, da amsar da ya bayar. Kotunan ɗaukaka ƙara, musamman ta ƙarshe wadda babu inda za a kai kuka bayanta, bai kamata su fito da sabon suna daga ɗakin shawara ba sai sun dawo zaure sun ji ta bakin lauyoyi. Kuma idan zargi ya rushe gaba ɗaya, alƙali ya iya furta cewa ya rushe, ko da mutumin ya shekara uku a tsare, ko da hukuma za ta ji kunya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko kasafin kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne lauyoyin Garwa da Marwa su riƙa tashi suna neman a rubuta ƙorafinsu duk lokacin da aka tsallake sashe na 362, kotunan sama kuma su riƙa soke hukuncin da aka tsallake shi, har alƙalan ƙasa su gane cewa gajeriyar hanyar ba ta kai su ko'ina.